Hoda Mai Ruwan Ɗorawa: Shafi na 23

Masu damuna da saƙo tun shekaranjiya, wai na bar Dakta Zulaihatu a bakin ƙofa na tafi harkata, to ga shi na buɗe mata. Amma wanda ba ya iya kallon jini, yau ba ranarsa ba ce. Ke kuma mai tambayar wace ƙasa ce Tsallake, ki yi haƙuri, su kansu mutanen labarin ba sa kiran sunanta.

Darrasa, Alƙahira. Maris, 1980. Bayan Azahar.

Matakala bakwai ce daga shagon mai ɗinkin littattafai zuwa ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashinsa. A ta huɗu ƙarnin jini ya tari Dakta Zulaihatu Lawal.

Ta tsaya cak. Mama Marta da ke biye da ita da jakar magani ta yi karo da bayanta.

"Sauko mana, Dakta," muryar Manjo Habu ta taso daga ƙasa. "Yalla, ba mu da lokaci."

Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa can sama daidai ƙafafun masu wucewa. Ta nan ƙarar maƙeran tagulla ke shigowa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ba tsayawa. Ko mutum zai yi ihu har maƙogwaronsa ya tsage, babu mai ji.

A tsakiya wani mutum ne ɗaure a kujerar ƙarfe, an kifa masa buhu a ka. Farar rigarsa ta rine. Yatsu biyu na hannunsa na hagu sun karye, sun karkace. A bayansa Hadi ne tsaye, ƙaton mahaucin unguwar Hayyin Ashir da ke bin Manjo duk inda ya sa ƙafa, da guntun bututun ƙarfe a hannu.

Shekara biyu ke nan Manjo, tsohon soja, yake kula da tsaron ɗan kwamitinsu na malaman kimiyya, tun da suka fara tattara shaidar cewa Tsallake na haɗa bam ɗin nukiliya a ɓoye. Mako uku da suka wuce aka sassare shugabansu, Farfesa Iliya, a matakalar gidansa da ke Madinat Nasr. Kowa ya ce mutanen Tsallake ne. Tun ranar, koren fayil ɗin shaidar ya koma hannun Zulaihatu. Mama Marta kuwa matar marigayin ce, tsohuwar nas.

Manjo ya ga Marta, fuskarsa ta canza.

"Dakta, na ce ki zo ke kaɗai."

"Ka ce akwai mai rauni," in ji Zulaihatu. "Ni daktar littafi ce, ban iya ɗinke mutum ba."

"Ma'alish, ba komai. Madam, tsaya daga gefe tukuna."

Ya turo wani gwangwanin madara a kan tebur, ya buɗe. Hoda ce a ciki, mai ruwan ɗorawa.

"Gwada min."

Ta ciro na'urarta ta auna tururin nukiliya daga jaka, ta kunna, ta kai bakinta kusa da gwangwanin.

Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Allurar ta ruga gefe ta maƙale.

"Ita ce," ta ce a hankali. "Yuraniyom. Ita ake tacewa a yi cikin bam ɗin. Rufe shi. Ina ka samo?"

"Cikin ganga. A jiki an rubuta sinadarin jima. Sau tara irin kayan nan suna bi ta Iskandariyya su nufi Tsallake." Ya nuna mai buhu da haɓa. "Wannan shi ke buga musu hatimi."

Ya ɗaga wa Hadi gira.

Bututun ya sauka a gwiwar mutumin. Wani gurnani ya fito daga cikin buhun, kujerar ta yi tsalle.

"Ya isa!" Zulaihatu ta daka tsawa. "Ba wannan muka taru mu yi ba!"

"Ba ki ma ga ko wane ne ba."

"Ko wane ne!"

"Tamam. Hadi, cire."

Hadi ya fizge buhun.

Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ya rufe ruf, an cusa tsumma a baki. Amma ɗayan idon ya ɗago ya same ta. Ta ga tsohon tabon da ke gefen girarsa, wanda ya samu ranar da kekensa ya kayar da su a hanyar kai ta makaranta.

Na'urar ta kusa suɓuce mata.

"Yaya Rabi'u!"

Ta yi kansa. Hadi ya tare ta da hannu ɗaya, ya mayar da ita baya kamar yana ture labule.

"Yaya! Innalillahi... Yaya, ba Kano ka ce min kana ba? Ba fata ka ce kana fitarwa ba?"

Hawaye ya gangaro daga idon da ke buɗe, ya bi ta cikin jini.

Manjo ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yanzu sai mu yi magana irin ta manya. Fayil ɗin da Farfesa ya bar miki, kin lura da hatimin da ke ƙasan kowace takardar fito?"

Ya nuna Rabi'u da yatsa.

"Na yayanki ne. Ranar da kika kai fayil ɗin nan gaban taron ƙasashe, ke da hannunki kin saka masa igiya a wuya. Wanda ya riƙe ki bayan rasuwar mahaifinku. Kuma a gida za a ce 'ya'yan Malam Lawal ne suka sayar da baƙar fata."

"Me kake so?"

"Fayil ɗin. Ba ni shi in adana, in cire shafukan da suka shafe shi. Ki ɗauki yayanki ku tafi. Khalas, shi ke nan."

Ta dafa tebur.

Sai Rabi'u ya fara kakari. Ƙirjinsa na hawa da sauka, jini na fitowa ta hanci.

Mama Marta ta ajiye jakarta.

"Jini yake haɗiya. In ba a cire tsumman nan ba, minti biyu ba zai ƙara ba."

"Madam, na ce ki tsaya..."

"Gawa kake so ka yi ciniki da ita?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ratsa ta gefen Hadi, ta sa yatsu biyu ta zaro tsumman. Rabi'u ya tofar da gudan jini haɗe da haƙori. Ya ja numfashi mai ƙara.

"Zulai... kar ki ba shi."

"Rufe masa baki," in ji Manjo.

"Cikin kowace ganga goma da ke tafiya Tsallake, ɗaya ba ta isa!" Rabi'u ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Tasa ce! Shi ke sauke ta!"

Hadi ya kai masa naushi a ciki. Kujerar ta kife da shi, kansa ya bugi siminti.

Zulaihatu ta faɗa kansa, ta rufe shi da jikinta.

"Sai dai ka haɗa da ni! Bugi mana! Bugi!"

Hadi ya ɗaga bututun, ya dubi Manjo. Manjo ya girgiza kai.

"Bar shi. Tunda ya fara, ya ƙarasa."

Ta tallafo kan yayanta ta ɗora a cinyarta.

"Yaya, gaya min gaskiya. Ka san abin da ke cikin gangunan?"

"Da farko wallahi ban sani ba. Aikin kamfanin fito ne, in buga hatimi a wuce. Sai wata ganga ta fashe a tasha, lebura biyu suka kwanta ciwo. Na bincika, na gane. Na ce na daina."

"Sai me?"

"Sai ga shi a ofishina. Ya ce in ci gaba. Ya ce aikin ƙasa ne, akwai manya a gida da suka sani. Ya ce in na tsaya, ke za ki fara biya."

Ta ɗago ta dubi Manjo.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne." Ko gezau bai yi ba. "Kuma ba na jin kunya."

"Kai da muka damƙa wa rayukanmu? Kana kallo ana kai musu abin da za su ƙone mu da shi?"

"Da ni da babu ni, za su samu. In an toshe wannan hanya, gobe su buɗe wata, wadda ba mu sani ba. Wannan kuwa mun san ta, kuma muna cin rabonmu."

"Rabon me?"

"Namu bam ɗin."



"Ka haukace," ta ce.

Ya miƙe tsaye.

"Ki kai fayil taro. Su karanta, su yi tafi, su sha gahawa, kowa ya hau jirginsa. Sai me? Ni na ga yaƙi, Dakta. Da shebur na kwashe yara a kasuwa bayan jirgi ɗaya ya wuce. Jirgi ɗaya, da ɗan ƙaramin bam. Wannan da Tsallake ke haɗawa, in ya sauka a Kano, ko abin kwashewa ba za a samu ba. Mai takobi ba ya tsoron mai alƙalami. Mai takobi ɗan'uwansa yake tsoro."

"Hoda a ganga ba bam ba ce. Ana buƙatar masana'anta, da shekaru, da mutum ɗari da suka san aikin."

"Ɗarin ma daga mutum ɗaya ake farawa. Me kike zato ya sa har yau ko ƙwarzane ba a yi miki ba?"

Ta nuna ƙirjinta.

"Ni? Ni zan haɗa muku?"

"Ke ko wata. Amma ke kika fi."

"Na karanta abin da yake yi wa fatar jariri a cikin uwarsa. Ba zan haɗa shi ba ko don Kano, ko don kabarin ubana. Farfesa ma da yana raye..."

"Zulai." Rabi'u ya kama gefen mayafinta da hannunsa mai lafiya. "Farfesa... ni na kai masa takardun nan. Da hannuna. Na ce ya tona, ko da ni za a rataye."

Mama Marta da ke tsugune tana naɗe bandeji ta tsaya.

"Yaushe?" ta tambaya.

"Ranar Talatar. Wajen La'asar. Kin fita kasuwa."

"Ranar aka kashe shi."

"Ina saukowa na yi kiciɓis da wannan a matakala." Ya nuna Hadi da ido. "Yana hawa, da abu a naɗe cikin jarida. A ƙasa kuma farar motar Manjo na tsaye, injin na aiki. Shi ya sa na gudu. Mako uku ina ɓuya, jiya suka kama ni."

"Mutumin da ya sha duka komai zai faɗa," in ji Manjo.

Mama Marta ta miƙe. 'Yar ƙaramar mace ce, da furfura a gaban goshi, kanta bai kai kafaɗar Hadi ba.

"Hadi."

Ya juyo.

"Naɗe hannun rigarka na dama."

Ya dubi Manjo.

"Ni nake maka magana, ba shi ba. Washegarin rasuwar ka zo gaisuwa. Na ga hannunka na zubar da ruwa. Mijina ba a binne shi ba, na zaunar da kai a ɗakin girkina, na wanke maka, na ɗaure. Ka ce kare ne ya cije ka a mahauta."

"Kare ne, ya Madam."

"Ni na wanke gawar Iliya. Ban bar kowa ya taɓa shi ba." Muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "A tsakanin haƙoransa na ciro fatar mutum. Ban gaya wa kowa ba. Kullum ina roƙon Ubangiji ya nuna min hannun. Ashe ni na yi jinyarsa."

Hadi ya ja baya taku ɗaya.

"Umarni aka ba ni..."

A kan teburin mai ɗinkin littattafai akwai basilla, doguwa, mai ƙotar katako. Babu wanda ya ga lokacin da ta ɗauka.

Ta daka tsalle ta luma masa ita a gefen wuya har ƙota.

Hadi ya yi ruri irin na sa. Ya saki bututun, ya damƙo ta da hannu biyu, ya ɗaga ta sama, ya maka ta da kantar littattafai. Kantar ta karye. Littattafai suka zubo mata a ka. Ya bi ta, ya shaƙe ta, jini na tsartuwa daga wuyansa yana wanke mata fuska.

"Mama!"

Zulaihatu ta rarumi bututun. Ta ɗaga da hannu biyu ta sauke masa a ƙeya.

Bai saki ba.

Ta ƙara.

Ta ƙara.

A na huɗu hannayensa suka saki. Ya tafi gefe ya zube, ƙafarsa na shure-shure a cikin takardu.

"Ajiye."

Ta juya. Manjo na tsaye da ƙaramar bindiga, ya saita ta ba a kanta ba, a kan Rabi'u da ke kwance ɗaure da kujera.

"Ajiye, Dakta. Kin kashe min mutum, ma'alish, wannan za mu yi maganarsa daga baya. Ina fayil?"

Ta saki bututun.

"Zan ƙirga uku. Ɗaya."

"Kar ki faɗa, Zulai!"

"Biyu."

"Tsaya! Yana... yana cikin jakata. Bari in ɗauko."

Jakar na kan tebur, kusa da gwangwanin madara da har yanzu ba a rufe ba. Ta miƙa hannu. Ta wuce jakar.

Ta watsa masa hodar gaba ɗaya a fuska.

"Idona! Wayyo idona!"

Bindigar ta tashi. Tau! Ƙarar ta cika ɗakin, maƙeran waje ma suka ɗan tsagaita, sannan suka ci gaba. Rabi'u ya ƙwalla ƙara. Harsashin ya shige masa cinya.

Manjo na tari, yana murza ido da hannu ɗaya, yana lalube da bindigar. Zulaihatu ta ja mayafi ta rufe hancinta, ta ɗauki na'urarta mai nauyi, ta kwaɗa masa a wuyan hannu. Wani abu ya yi ƙas a ciki. Bindigar ta faɗi. Ta sa ƙafa ta shure shi a ƙirji, ya tafi da baya ya zauna daɓas a jikin bango.

Ta ɗauki bindigar. Ba ta taɓa riƙe irinta ba. Ta riƙe da hannu biyu.

"Mama, kina raye?"

Littattafan suka motsa. Mama Marta ta rarrafo, wuyanta duk shatin yatsu, hannunta ɗaya na lilo.

"Ina raye," ta ce da dasasshiyar murya. "Ba ni ɗankwalinki."

Da haƙori da hannu ɗaya ta ɗaure wa Rabi'u cinya, ta danna gwiwarta a kan ramin. Jinin ya rage gudu, amma bai tsaya ba.

"Asibiti, Zulaihatu. Yanzu. In ba haka ba za mu rasa shi."

Manjo ya buɗe jajayen idanu, fuskarsa duk rawaya, hawaye na yanka hanya a cikin hodar.

"Harba mana," ya ce. "Ba ki iya ba. Kuma ko kin harba, waɗanda suka aiko ni suna nan. Fayil ɗin kawai suke so. Ba ni, in sa mota ta kai yayanki asibiti."

"Ka makara."

"Me?"

"Ba ya jakata, ba ya gidana, ba ya Masar." Ta share jinin Hadi daga kumatunta da kafaɗa. "Tun da saƙonka ya iso da safe jikina ya ba ni. Na ba mijina. Sanusi ya tafi da shi filin jirgi tun ƙarfe sha ɗaya. Yanzu haka yana sama. Gobe war haka fayil ɗin na gaban taro, da hatimin yayana, da naka sunan da zan ƙara da bakina."

Manjo ya sunkuyar da kai.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ta ɗauka kuka yake. Dariya ce. Yana yi yana tari, yana riƙe karyayyen hannunsa.

"Me ya ba ka dariya?"

"Zulai..." Muryar Rabi'u ta yi ƙasa sosai. Leɓunansa sun yi fari. "Wa... wa kika ce kin ba?"

"Sanusi, Yaya. Kwantar da hankalinka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Yaya, mene ne?"

"Ranar da Manjo ya zo ofishina... ba shi kaɗai ya zo ba. Wanda ya nuna masa ƙofa..."

Ƙofar sama ta yi ƙara.

Taku ya fara saukowa, a natse, ba gaggawa. Ta san takun. Shekara tara tana jin sa a matakalar gidanta, tana tashi ta ɗora shayi.

Baƙaƙen takalman da ta goge da asuba suka fara bayyana. Sai wandon toka. Sai koren fayil a hammata.

"Manjo, na kawo. Sai da na yi kamar na tafi filin jirgi tuku..."

Sanusi ya tsaya a matakala ta ƙarshe.

Ya dubi Hadi kwance cikin jini. Ya dubi surukinsa. Ya dubi matarsa da bindiga a hannu.

Bai firgita ba. Bai yar da fayil ɗin ba.

Ya koma sama, ya ja ƙofar, ya danna sakata. Sannan ya sauko, hannunsa na dama cikin aljihun kwat.

"Zulai," ya ce, da muryar da yake tashinta sallar Asuba, "ajiye bindigar nan."